Kundin gyaran launin wani gajeren fim: hoton da ke koɗewa bayan an fitar da fayil

6 ga Janairu

Yau na kammala tace gajeren fim ɗin da ni da abokin aikina muka ɗauka a kan wani dattijo mai gyaran agogo. Tsawonsa minti 18 ne, kuma abin da ya sa na buɗe wannan kundi shi ne abin da idona ya gani bayan na fitar da fayil na farko. Kwana huɗu na yi ina gyaran launi, har hoton ya zauna yadda nake so a tagar dubawa ta manhajar tacewa. Jan ƙyallen da dattijon yake jera ƙananan kusoshi a kai ya fito jawur, tagullar da ke cikin agogon bango tana ɗaukar ido, inuwar da ke bayan kafaɗarsa kuma ta yi duhu mai zurfi ba tare da ta haɗiye agogunan da ke rataye a jikin bango ba. Da na buɗe fayil ɗin a manhajar kallon da ta zo tare da kwamfutar, sai na tarar komai ya koɗe kamar tufar da ta sha wanki da rana. Jan ƙyallen ya dushe, inuwar ta yi toka-toka kamar an tayar da ƙura a ɗakin, fatar hannun dattijon kuma ta rasa ɗuminta, alhali a kanta na fi ɓata lokaci, domin kusan rabin fim ɗin hannunsa ake nunawa.

Na jera tagogin biyu gefe da gefe a allo ɗaya, na tsayar da su a daƙiƙa ɗaya, daidai wurin da yake ɗaga wani siririn zaren ƙarfe da hantsaki. Duk wanda ya duba zai rantse cewa mutum biyu ne suka gyara launin. Abin lura guda shi ne shuɗiyar rigarsa, wadda ta ɗan yi haske amma launinta bai gusa sosai ba. Na rubuta wannan a gefe. Ya kamata in miƙa fim ɗin a tsakiyar Fabrairu.

7 ga Janairu

Na fara zargin matse fayil. Na sake fitar da shi da tsarin matse bidiyo na H.264 kamar jiya, amma na ɗaga yawan bayanan da ake ware wa kowace daƙiƙa daga megabit 16 zuwa 40. Fayil ɗin ya ninka nauyinsa fiye da sau biyu, ƙananan zane-zanen da ke jikin tagulla sun fi fitowa, amma launin yana nan a koɗe kamar jiya. Minti 50 ya tafi a jiran na'ura, kuma na cire matsewa daga cikin abubuwan da nake zargi.

9 ga Janairu

Kuskuren yau ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla, domin a lokacin da nake yin sa ina ganin hikima ce. Na ce tun da fayil yana fitowa da haske fiye da kima, bari in duhunta shi tun daga ciki. Na shimfiɗa gyara guda a kan fim ɗin gaba ɗaya, na danne tsakiyar haske ƙasa, na ƙara ƙarfin launi da kusan kashi 15 cikin ɗari, na riƙa fitar da guntun daƙiƙa 20 ina dubawa ina sake gyarawa, har sau shida, sai da abin da manhajar kallo ke nunawa ya yi kusa da abin da na saba gani a tagar dubawa. Na fitar da cikakken fim ɗin, na aika wa abokin aikina da yamma ina mai jin cewa magana ta ƙare.

Da dare ya kira ni. Ya ce, "Malam, me ka yi wa ɗakin dattijon nan? Agogunan bango fa duk sun ɓace." A talabijin ɗinsa ya kalla, kuma hoton da ya ɗauko mini da waya ya tabbatar da maganarsa. Bayan kafaɗar dattijon babu komai sai baƙi ƙirin, fatar hannunsa ta yi ja kamar wanda ya ƙone, jan ƙyallen kuma ya cika har saƙarsa ba ta ganuwa. Wannan ɗaukar ta bango ita ce abokin nawa ya fi alfahari da ita, domin ya yi kusan awa guda yana daidaita fitila ɗaya tilo don a ga agogunan a dishi-dishi, ni kuma na shafe su da hannuna.

Na cire gyaran. Abin da ya fito mini fili shi ne na auna fim ɗin da manhajar kallo guda, a allo guda, na kuma ɗauka cewa abin da take nunawa shi ne abin da ke cikin fayil. Daga gobe ba zan sake taɓa launi ba sai na gano inda bambancin yake shigowa.

12 ga Janairu

Gwajin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko sai yau na yi shi. Na ɗauko fayil ɗin 6 ga wata, na mayar da shi cikin manhajar tacewa, na ɗora shi a saman aikin asali daidai hoto bisa hoto, sannan na zaɓi salon haɗawa da ke cire ɗaya daga ɗaya ya nuna ragowar. Idan da fitarwa ta sauya launi, da an ga inuwar hoton ta bayyana. Allon ya yi baƙi daga farko har ƙarshe, sai ɗan ɗigo-ɗigo a gefen abubuwa masu kaifi, wanda matsewa ce ke haifar da shi. Na kuma duba ma'aunin haske, wato zanen da ke nuna matsayin kowane sashe na hoto daga sifili zuwa ɗari, da ma'aunin launi mai da'ira, ina kunna na sama ina kashewa. Zanen bai motsa ba.

Ke nan lambobin da ke cikin fayil ɗin su ne lambobin da ke cikin aikina, babu ragi babu ƙari. Fayil ɗin bidiyo lambobi kawai yake ɗauke da su, kuma kowace manhaja ita ke yanke shawarar yawan hasken da za ta fitar daga kowace lamba. Tagar dubawa tana fassara su ta wata hanya, manhajar kallo ta wata, talabijin ɗin abokina kuma ta uku. Tambayar ta sauya kenan. Yanzu abin da nake nema shi ne wanne daga cikin ukun yake bin ƙa'ida, kuma wace ƙa'idar.

13 ga Janairu

Aikin sauti kawai na yi. Na rage ƙarar agogon bango a ƙarƙashin muryar dattijon, na bar launi ya huta.

16 ga Janairu

Kwana uku ina karatu a kan ƙa'idojin, kuma zan rubuta abin da na fahimta da kalmomina domin ya zauna mini.

Ƙa'idar da bidiyo mai tsabta ke bi ita ce BT.709, wadda masu sana'ar ke kira Rec.709. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedkwata a Jeniba, ita ta amince da ita a 1990. Ta fayyace ainihin jan da koren da shuɗin da za a gina sauran launuka da su, ta fayyace farin da ake kira D65, wanda ya yi kusa da hasken rana na kelbin 6500 a ma'aunin launin haske, ta kuma fayyace yadda kyamara za ta lanƙwasa haske ta mayar da shi lamba. Abin da ba ta fayyace ba shi ne yadda allo zai mayar da lambar ta koma haske. A wancan lokacin babu buƙatar hakan, domin kowa tsohon talabijin mai doro yake amfani da shi, kuma shi wannan talabijin bisa ƙirarsa yana da tasa lanƙwasar, wadda ake kira gamma, da ta kai wajen 2.4. Da alluna masu faɗi suka maye gurbinsa sai giɓin ya bayyana, shi ya sa a 2011 hukumar ta fitar da BT.1886, wadda ta tsayar da 2.4 ga allon da ake gyaran launi a kansa cikin ɗaki mai ƙarancin haske. A ɓangaren kwamfuta kuma akwai sRGB, da kamfanonin HP da Microsoft suka gabatar a 1996. Ja da kore da shuɗinta iri ɗaya ne da na Rec.709, farinta ma haka, amma lanƙwasarta tana wajen 2.2, domin an yi ta ne don wurin da ya fi haske.

Akwai fassara ta uku, kuma ita ce ta shafe ni. Idan manhaja ta ga fayil mai alamar Rec.709, tana iya ɗaukar lanƙwasar kyamara da ke rubuce a ƙa'idar ta juya ta baya, abin da ke bayar da gamma ta kusan 1.96. A lissafi wannan yana da hujjarsa, domin yana maido da hasken wurin da aka yi ɗaukar kamar yadda yake. Sai dai masu tsara talabijin da gangan suka bar allo ya ɗara kyamara lanƙwasa, saboda idon mutum idan yana kallon allo a cikin duhu yakan ga hoton ya yi laushi, ƙarin da ake yi kuma shi ke maido masa da kaifinsa.

Na zauna da kalkuleta don in ga girman abin. Lambar da ke tsakiya, wato kashi 50, tana fitar da kashi 19 na cikakken hasken allo a 2.4, kashi 22 a 2.2, da kashi 26 a 1.96. A ƙasa abin ya fi tsanani. Lambar da ke kashi 20, wadda nan ne agogunan bangon dattijon suke zaune, tana bayar da kashi 2.1 a 2.4, amma kashi 4.3 a 1.96. Ninki biyu ne cif. Fari da baƙi na can ƙarshe ba sa motsi ko kaɗan, shi ya sa mutum ke rasa gane abin da ya sauya, yana dai ganin hoto ya yi sanyi. Wannan lissafin ya bayyana mini toka-tokar inuwar, ya kuma bayyana dalilin da gyaran 9 ga wata ya kashe ta a talabijin, domin na duhunta hoto don allo mai 1.96, aka kalle shi a allon da ya fi kusa da 2.4.

19 ga Janairu

Na sauke manhajar MediaInfo na duba bayanan da ke maƙale a jikin fayil ɗin. Alamomi uku ne ke gaya wa manhajar kallo yadda za ta fassara lambobi: ta farko tana faɗin tushen launuka, ta biyu lanƙwasar haske, ta uku kuma lissafin da ake bi wajen raba haske da launi. Kowacce lamba ce daga wani jadawali da aka amince da shi, inda 1 ke nufin BT.709, 2 ke nufin ba a ambata ba, 13 kuma a gurbi na biyu ke nufin sRGB. Fayil ɗina 1-1-1 ne, kamar yadda ya dace da bidiyo irin wannan. Matsalar tana cikin lamba ta tsakiya, domin 1 ɗin ba ta bambance tsakanin mai nufin 2.4 da mai nufin juya lanƙwasar kyamara ba, kowa da yadda ya karanta ta.

Na fitar da guntun daƙiƙa 30 sau uku, lambobin hoto iri ɗaya, alamomi daban: 1-1-1, da 1-2-1, da 1-13-1. A manhajar kallon kwamfutar ukun sun bambanta a inuwa, na farko ya fi haske. A wata manhajar kallo ta biyu da na sauke don kwatance, ukun sun fito tamkar abu ɗaya, alamar cewa ita ba ta duba lamba ta tsakiya, abin da ta samu take miƙa wa allo. Na ɗan ji sha'awar in tsaya a kan 1-2-1 tun da ya fi kusa da abin da nake so a wannan kwamfutar, amma na tuna darasin 9 ga wata, na ajiye shawarar sai na gwada a wurare da yawa.

22 ga Janairu

Na je wurin abokin aikina da fayil na asali, muka haɗa kwamfutarsa da talabijin ta wayar HDMI, sai ga wata matsala daban wadda da farko na ɗauka tsohuwar ce. Hoton ya yi toka-toka, amma a wannan karon har baƙin da ke buɗe fim ɗin kafin suna ya fito ya zama ruwan toka, farin fuskar agogo kuma ya dushe. Gamma ba ta taɓa baƙi na ƙarshe, saboda haka wani abu ne daban.

Bidiyo mai bit 8, wato mai lambobi 256 ga kowane launi, ba ya amfani da dukkan lambobi daga 0 zuwa 255. Baƙinsa yana 16, farinsa yana 235, launi kuma yana kaiwa 240, wannan shi ne taƙaitaccen zango. Kwamfuta kuwa ta saba da cikakken zango. Idan na'ura ɗaya ta aika taƙaitacce, ɗayar kuma ta karɓe shi a matsayin cikakke, sai 16 ta zama toka mai duhu maimakon baƙi. Idan aka yi akasin haka, duk abin da ke ƙasa da 16 da sama da 235 sai ya yanke. Abin da ya faru a nan shi ne saitin katin hoton kwamfutar yana kan taƙaitacce, mashigar talabijin ɗin kuma wani ya taɓa mayar da ita kan cikakke. Muka daidaita su, baƙin ya dawo.

Don kada in sake dogara da ido, na sa sandunan launin gwaji na SMPTE, ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin, na daƙiƙa goma a farkon kowane fayil ɗin gwaji. A ƙasansu akwai siraran sanduna da ake kira PLUGE, dabarar da ta samo asali daga BBC, ɗaya tana ƙasa da baƙi kaɗan, ɗaya tana sama da shi kaɗan. Idan komai daidai ne, ta ƙasa za ta saje da baƙin da ke kewaye da ita, ta sama kuma a gan ta da ƙyar. Cikin daƙiƙa biyu mutum ya san matsayin allon da ke gabansa.

24 ga Janairu

Na rubuta fassarar da za ta fito a ƙasan allo, na gyara sunayen ƙarshe. Na nemi aron na'urar auna launin allo, an yi alkawarin ba ni ita ranar 27.

27 ga Janairu

Yau aka gano cewa tagar dubawar da na yi kwana huɗu ina amincewa da ita ita ma ba daidai take nunawa ba, kuma laifin nawa ne. Allon kwamfutata mai faɗin launi ne, irin da ake kira P3, wanda ya samo asali daga ƙa'idar majigin silima na zamani. Jansa da korensa sun fi na Rec.709 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shuɗinsa ɗaya ne da na Rec.709. Manhajar tacewa tana da saitin da ke sa ta lura da irin allon da take magana da shi, ni kuma ban taɓa kunna shi ba. Saboda haka idan aikina ya ce cikakken ja, sai allon ya bayar da nasa cikakken jan, wanda ya zarce abin da fayil ɗin ke nufi. Jawur ɗin ƙyallen da na yi ta murna da shi allon ne ya ƙara masa, ba ya cikin fim ɗin. Nan na koma kan abin da na rubuta ranar 6 game da shuɗiyar riga, na ga dalilin da ya sa ita ce ba ta gusa ba. Koɗewar da na gani a ranar farko ashe abu biyu ne suka haɗu: tagar dubawa tana ƙara launi, manhajar kallo tana ƙara haske, ni ina tsakiya ina kwatanta kuskure da kuskure.

Na kunna allon ya yi rabin awa ya ɗumama, na manna na'urar a tsakiyarsa, na yi amfani da DisplayCAL, manhajar daidaita launin allo. Farin allon ya nuna nit 310 a ma'aunin ƙarfin haske, alhali 100 ake so ga irin wannan aiki, kuma ya karkata zuwa shuɗi. Na sauke hasken, na saita fari a D65, na bar ta ta auna ɗaruruwan launuka ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ci sama da awa guda. Na kuma saki labule mai kauri, na mayar da fitilar tebur bayan allon tana haska bango. Da na buɗe aikin bayan an gama, na ji ba daɗi, domin hoton ya yi duhu kuma launinsa ya yi ƙasa da yadda na san shi. Bayan kamar minti 20 idona ya saba, na fara ganin abubuwan da ban taɓa lura da su ba, ciki har da wani kore-kore a goshin dattijon daga fitilar rufin ɗakin.

29 ga Janairu zuwa 3 ga Fabrairu

Na sake gyaran launi daga farko, ɗauka 94, a kan 2.4, da saitin lura da allo a kunne. Kimanin awa 19 ya ci. A wannan karon ma'auni nake fara dubawa kafin hoto, na tabbatar fatar hannu tana kan layin fata na ma'aunin launi, agogunan bango kuma na ɗaga su kaɗan zuwa wajen kashi 22 domin su tsira ko a allon da ya fi duhu.

5 ga Fabrairu

Ɗauka ɗaya ta ƙi zama da sauran. Ita ce wadda abokin aikina ya yi da wayarsa a ranar da batirin kyamara ya ƙare, inda dattijon yake kai agogo kusa da kunnensa yana saurare. A tagar dubawa tagar ɗakin da ke bayansa ta ƙone fari fat, fuskarsa kuma ta yi wani launi mara daɗi. MediaInfo ta nuna alamominta 9-18-9 ne, wato tushen launukan BT.2020 da lanƙwasar HLG, tsarin haske mai faɗin zango da BBC da NHK ta Japan suka ƙirƙira, wanda ya shiga ƙa'idar BT.2100 a 2016. Wayoyi da yawa yanzu haka suke ɗauka in ba a kashe saitin ba. A makonnin baya na yi ta kokawa da wannan ɗaukar da hannu, ina rage nan ina ƙara can. Yau na cire duk wannan, na gaya wa manhajar ainihin abin da ɗaukar take, na sa ta juya ta zuwa Rec.709 tare da lanƙwaso hasken sama a hankali. Sandunan ƙarfen tagar suka bayyana, fuskar ta dawo daidai da ta sauran ɗaukar, gyaran hannu kaɗan ya rage. Na ji daɗi ƙwarai, domin wannan ce ɗaukar da na fi so a fim ɗin, kuma saura kaɗan in cire ta.

8 ga Fabrairu

Na yi ƙaramin kwafi mai faɗin 640 da tsayin 360 da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg don aikawa cikin sauƙi, na manta ban sa masa alamomi ba. A wata manhajar kallo jan ƙyallen ya yi duhu, koriyar tabarmar robar da ke kan teburin aiki kuma ta yi haske ta karkata zuwa rawaya. Baƙi da fari da toka duk suna nan daidai, launuka kawai suka gusa, wanda ya nuna cewa alama ta uku ce. Tsohuwar ƙa'idar talabijin, BT.601 ta 1982, tana haɗa haske da kashi 29.9 na ja, 58.7 na kore da 11.4 na shuɗi, ita kuwa BT.709 tana amfani da 21.26 da 71.52 da 7.22. Idan fayil bai faɗi wanda ya bi ba, manhajoji da yawa sukan yi hasashe daga girmansa, su ɗauki ƙaramin hoto a matsayin tsohuwar ƙa'ida. Na rubuta alamomin a jikin fayil ɗin ba tare da na sake matse shi ba, abin bai ɗauki daƙiƙa biyar ba, launin ya koma wurinsa. Wannan ya ƙara sanyaya mini gwiwa game da 1-2-1, domin duk gurbin da aka bari babu bayani, wata manhaja za ta cike shi da hasashenta.

11 ga Fabrairu

Na ɗora guntayen 1-1-1 da 1-2-1 a wani shafin bidiyo ba tare da na buɗe su ga jama'a ba, sannan na kalla a burauza biyu, da waya biyu, da talabijin ɗin abokina. Shafin ya sake matse su da kansa, kuma bayan haka na kasa bambance su a ko'ina. Amfanin da na gani a 1-2-1 bai wuce kwamfutata ba. Na tsaya a kan 1-1-1, taƙaitaccen zango, gyara a kan 2.4. A burauza ɗaya a kwamfutata inuwar tana ɗan tashi kamar yadda lissafin 16 ga Janairu ya nuna, amma tun da launin kansa yanzu daidai yake, fatar hannun tana riƙe da ɗuminta. A talabijin, da dare, an ga agogunan bango guda bakwai a dishi-dishi, abokin aikina ya ƙirga su da yatsa.

Saura matsala ɗaya. A bangon da ke bayan teburin, inda hasken fitila ke raguwa sannu a hankali, ana ganin layi-layi kamar matakala a kwafin da aka matse. Bit 8 mataki 220 kawai yake da shi daga baƙi zuwa fari, bit 10 kuwa yana da 877, daga 64 zuwa 940. Gobe zan fitar da babban kwafin ajiya da tsarin ProRes 422 HQ mai bit 10, wanda zai ci kusan gigabait 25, don haka sai na kwashe fayilolin gwaji 31 da suka taru a faifan kafin in fara. Daga wannan kwafin zan ciro na ɗorawa, bayan na yayyafa wa bangon ɗan tsaki-tsaki mara yawa don ya ɓoye matakalar, in gwada ƙarfinsa a guntun daƙiƙa 30 tukuna. Na'urar auna launi za ta koma ga mai ita ranar 13, saboda haka zan sake auna allon da safe kafin in zauna kallon ƙarshe.